Sa-Amarya-Kuka

A kasuwar Litinin ta Lares suka fara ganin juna, kasuwar da ba a fito da kuɗi sai musaya. Mutanen kwari su hau da lemu da ayaba da rogo, mutanen tudu su sauko da dankali. Nelida ta gama shimfiɗa kayan gwaggonta ke nan, wani saurayi mai fasassun kumatu ya durƙusa a gabanta. Ya kwance ƙullin bayansa, ya baje dankali ja da baƙi da shuɗi, wani siriri kamar yatsa, wani a murɗe kamar ƙahon rago.

Ta zuba masa lemu tafi biyu, ya zuba mata dankali tafi biyu. Sai ya ƙara ɗaya. Ita ma ta ƙara. Ya sake ƙarawa. Ba don Gwaggo Fortunata ta yi gyaran murya ba, da yaran nan sun ƙarar da kayan mutane a kan juna.

"Ke 'yar rogo ce, ko?" in ji shi. "Na ga kina rawar sanyi da rana tsaka."

"Kai kuma ɗan ƙanƙara, kumatu duk sun fashe," ta ce, ta kau da kai don kada ya ga murmushinta.

Sunansa Eusebio, ɗan Wamanpata, can ƙolin tudu inda ko masara ba ta yi. Tun yana ƙarami yake dakon kayan 'yan yawon buɗe ido a hanyoyin dutse, gida sai jefi-jefi. Ita kuwa a kwarin Yanatile mai zafi ta tashi, daga baya ta dawo Kalka tana taya gwaggonta sayar da faten dankali a kasuwa.

Tun daga ranar wayarta ba ta huta ba. A ƙauyensu sai an hau wani dutse ake samun sabis, shi kuwa ya mai da dutsen nan ɗakinsa.

"Kurciyata, ina kan dutse, iska tana neman tafiya da hulata. In na faɗo ki sani saboda ke ne."

"Sauko ka ji, ɗan ƙanƙara. In ka karye wa zai kawo mini dankali?"

Ana nan ana shan soyayya har magana ta kai kunnen mahaifiyarsa, Mama Kasilda, ta ce atafau. Yarinyar da ta tashi tana ɓare rogo kamar mai tuɓe riga, me ta sani game da girkin tudu? Ga Yovana 'yar maƙwabciyarta, wadda wuƙa ke yi wa biyayya, ita ta daɗe da ajiye wa ɗanta a zuciya. Da Eusebio ya nace, sai ta ce to, a bi al'ada. In an yi girbi ya kawo yarinyar, a ba ta sa-amarya-kuka ta fere a gaban mata.

Wanda ya san dankalin nan ya san mugunta aka shirya. Baƙi ne, duk jikinsa ƙulu-ƙulu da ramuka kamar an dunƙule inabi. Ana so amarya ta fere shi ɗanye, ɓawo siriri, ba tare da ta sare ko ƙulli ɗaya ba. Yawancin gidaje yanzu wasa suke yi da abin. Mama Kasilda kuwa ba ta san wasa ba, don ita ma sai da ta fere shi kafin a karɓe ta.

Nelida ta ji labari hankalinta ya tashi. Ko ganin dankalin ba ta taɓa yi ba, ba a kawo shi kasuwa. Eusebio ya ce ta kwantar da hankalinta, gida cike yake da shi. Duk sanda ya leƙa ƙauye sai ya cuso kaɗan a aljihu ya kawo mata ta gwada hannu.

Kai, ta sha wuya! Yatsunta duk suka zama tsagu. Gwaggo Fortunata ta kan leƙo ta ce wannan ai ba fira ba ce, yanka ne, rabin dankalin ya tafi a ɓawo. Abin da ya rage a jefa a tukunyar fate, don ba a ɓarnar abinci. Ɓawon kuwa duk ya yi 'yan tsiro, gwaggo ta ce kada a bai wa ɓerayen masar da take kiwo don nama ya kashe mata su. Nelida ba ta iya zubarwa ba. A gonar ubanta ko guntun sandar rogo aka gani da ido sai an soke shi a ƙasa. Haka kawai, don sabo, ta riƙa tura ɓawon cikin tsofaffin gwangwanayen mai a bayan ɗaki.

Ashe wata rana Yovana ta sauko Kalka, ta zauna ta sayi fate, ta tsamo baƙin abu mai ƙulli a cokali. Ta shanye, ta goge baki, ta hau motar tudu da labari a bakinta.

Ranar da Mama Kasilda ta bayyana a bakin rumfa, da jar hularta da mayafinta na fita, Nelida ta miƙe za ta gaishe ta. Tsohuwar ko kallonta ba ta yi ba. Ta tsaya tana kallon tukunya, ta yi magana a hankali, amma duk layin masu abinci ya ji. Ta ce bara sanyi ya ƙone kunyar sa-amarya-kuka da ta shuka, ɗan kwandon da ta tsira da shi ta binne a ciyawa don shukar bana. Jiya ta ɗaga ciyawa ta tarar da wayam.

"Uwata ce ta ƙulla mini irin nan a mayafi ranar aurena," ta ce. "Ita ma uwarta ce ta ba ta. Duk ƙauye babu mai shi sai ni. Kin dafa, kin sayar wa direbobin mota."

Nelida ta san gaskiya ce. Da hannunta ta yanka, da hannunta ta zuba. Kunya ta rufe ta har ta ji da ma ƙasa ta tsage. Tsohuwar ta juya ta tafi, ko waiwaye babu.

Eusebio yana hanya da kayan Turawa sa'ad da abin ya faru. Rumbun iri wurin mata ne, shi bai taɓa sanin wane tari ne na ci, wane ne na shuka ba, ya ɗauka akwai wani kwandon a ajiye. Ya durƙusa ya faɗa wa uwarsa shi ne ɓarawon. Ta ce ta sani, amma wa ya juya masa kai har ya sa hannu a iri? Garin neman gira an rasa ido.

"Kurciyata, laifina ne ni kaɗai. Ki ɗauki waya ko zagina ne ki yi."

Ta karanta saƙon nasa ta mayar masa da amsa.

"Ka sa na dafa gadon uwarka. Kada ka ƙara hawa dutse saboda ni."

Ta kashe wayar, ta zaga bayan ɗaki don ta yi kukanta inda gwaggo ba za ta gani ba. A nan ta ga gwangwanayen. Ruwan farko ya sauka a makon, yawancin ɓawon ya ruɓe, amma a wasu ga 'yan ganye sun leƙo.

Ba ta faɗa wa kowa ba, don tana tsoron yin alkawarin abin da ba a hannunta yake ba. Ta roƙi takin tumaki a wurin masu kawo nama, tana ƙara ƙasa a gindinsu kamar yadda ta ga ana yi. Tsutsa ta cinye wasu. Ranar da aka yi ruwan ƙanƙara ta bar kwastomomi da kwano a hannu ta ruga ta rufa musu mayafinta, ita ƙanƙarar ta sauka a gadon bayanta. Duk damina haka ta ƙare ta, ta rame, dariya ta ɗauke. Ga kuma labari yana saukowa da motocin tudu, wai bayan girbi za a sa ranar Eusebio da Yovana. Ta ji zafin maganar nan ƙwarai, amma ba ta fasa ban ruwa ba.

Da ganye ya bushe ta kife gwangwanayen. 'Yan dankali ne ƙanana, baƙaƙe, masu ƙulli, ba su fi su cika tafi biyu ba. Ta ƙulle su a mayafi, ta hau motar Lares, sauran hanyar ta taka da ƙafa, numfashi yana yanke mata.

A gona ta same su ana girbi. An gina murhu da hogen ƙasa ana gasa dankali, mata sun kewaye shi. Eusebio ya hango ta, fartanya ta faɗi daga hannunsa. Ba ta dube shi ba. Ta wuce ta durƙusa a gaban Mama Kasilda, ta kwance ƙullin, ta ce ba aure ta zo nema ba, kayanta ta dawo mata da su. Ta ba da labarin ɓawo da gwangwani. Yovana ta taɓe baki ta ce ashe rashin iya fira ma sana'a ce. Babu wanda ya yi dariya.

Tsohuwar ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ta shinshina. Sannan ta zaro wuƙa daga ɗamararta ta miƙa wa Nelida tare da mafi girman cikinsu.

"Na ce in an yi girbi za ki fere. Ga girbi, ga mata. In kin iya, ga ɗana."

Nelida ta karɓa. Ta san hannunta ya faɗa yanzu, watakila ma ta iya. Ta ɗago ta kalli Eusebio, ta ji sonsa kamar zai fasa mata ƙirji. Sai ta ajiye wuƙar a ƙasa.

"Mama, wannan iri ne. Na yanka shi sau ɗaya cikin rashin sani, ba zan ƙara ba. In sai na fere shi za a ba ni ɗanki, a bai wa wata."

Mama Kasilda ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Wata tsohuwa a gefe ta ce tun da take a duniya ba ta taɓa ganin dankalin nan ya sa uwar miji kuka ba sai yau. Mata suka fashe da dariya, wasu suna goge ido.

"Tashi, 'yata," in ji Mama Kasilda. "Ƙasa da sanyi, ke kuma 'yar rogo ce."

Kafin shuka ta gaba aka ɗaura aure a ɗan cocin Wamanpata. An gasa ɓerayen masar, an yanka tumaki, Gwaggo Fortunata ta cika mota da lemu da ayaba, an zuba wa ƙasa rabonta na giyar masara kafin kowa ya kurɓa. Eusebio ya raɗa wa amaryarsa cewa ya yi ritaya daga hawan dutse, ta ce daga shiga rumbu ma.

Da za a raka su ɗakinsu, Mama Kasilda ta raba irin nan biyu, ta ƙulla rabi a gefen mayafin Nelida da hannunta, ta ja ƙullin da ƙarfi.

"Allah ya ba ku zaman lafiya, ya tsare muku gona daga sanyi," ta ce. "Allah ya ba ki 'yar da za ki ƙulla wa."

Duk gida aka amsa da amin.