Tukunyar Miyar Ladidi

A wani zamani can baya, akwai wani gari a bakin tafki. A garin nan, in tulu ya fashe ko randa ta tsage, ba a kai su juji. Sai a nutsar da su a wani gefen tafkin tare da rassan ƙaya, don kifi ya sami wurin yin ƙwai, ƙananansa su sami maɓoya.

To, akwai wani masunci mai gajen haƙuri. Ya jefa taru, ya maƙale a tulu. Ya sake jefawa, ya maƙale a ƙaya. Ya koma gida yana mita, "Wannan tafki ne ko juji?"

Matarsa Ladidi ta ce, "Malam, ka bar wurin mana kamar kowa. Gidan kifi ne."

Ya ce, "Kifi da gida? Sai ki kai masa tabarma."

Ya shiga ruwa ya kwashe tulunan kaf. Taru bai ƙara maƙalewa ba. Amma ƙananan kifi suka rasa maɓoya, tsuntsaye suka tsince su. Ya jefa taru, babu komai. Ya sake jefawa, babu komai. Yaransa suka koma cin gayan tuwo.

Rannan Ladidi ta wanke tukunyar miyarta, ta dire masa a gaba.

Ya ce, "Me zan yi da ita?"

Ta ce, "Allah ya ajiye mana abinci, ka share shi da hannunka. Ni ba abin da nake dafawa a ciki. Kai wa kifi."

Ya sunkuya ya ɗauka. Ya kai bakin ƙofa, ta ce, "In ya nemi tabarma, ka dawo ka karɓa."