Sunan da Ba a Faɗa

Ranar Laraba da hantsi, a kantin ƙauyenmu, na'ura ta ƙi karɓar katin tallafin Nangala har sau uku. Ta ɗauko garin alkama, da ganyen shayi, da wutsiyar kangaru ɗaya daga firji. Mai kanti ta mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga kai ba. Tarlisha, yarinya 'yar shekara tara, ta bi wutsiyar da ido har aka rufe firjin.

"Mama, yau ma?"

"Yau ma, 'yata... Zo mu tafi, ana kallonmu."

Ba Nangala ce ta haifi Tarlisha ba. Uwar yarinyar ta rasu da ciwon ƙoda wata biyu kafin nan, 'yar ƙanwar mahaifiyar Nangala ce, kuma sunansu na yanka ɗaya. Nangala kuwa sunan dangi ne kawai, ba shi ne a takardun gwamnati ba. A wurinmu idan mutum ya mutu, sunansa ma kwanciya yake yi. Ba a furta shi, ba a rubuta shi, har sai shekaru sun shuɗe, kuma duk mai irin sunan sai a koma kiransa Kumanjayi. Saboda haka a rana ɗaya Nangala ta rasa 'yar'uwa, ta rasa suna, ta sami 'ya.

Nangala ta yi shekara goma sha ɗaya ba ta da aiki, tun da aka rufe ɗakin wankin asibiti. Sabon tsarin tallafi ya ce duk wanda ya daɗe a zaune sai ya fito aikin gayya kullum da safe, ya sa hannu a rajista. Wanda ya yi fashin kwana uku a jere, a tsayar masa da tallafi mako takwas. Nangala ba ta taɓa fashi ba. Tana dawowa daga zangon makoki ta koma tsintar gwangwani da shafa wa duwatsun bakin hanya farin fenti, kowace safiya kuma ta rubuta Kumanjayi a gaban lambarta.

Mai riƙe da rajistar shi ne Desmond Jungarrayi, ƙanin mahaifin Tarlisha. A ƙauyen aka haife shi, ya san ma'anar kalmar tun kafin ya iya ɗaura takalmi. Amma kuɗin rainon maraya yana bin gidan da yarinyar take kwana ne, shi kuwa yana son ta kwana a nasa. Kullum da yamma sai ya aika wa kamfanin da ke gudanar da aikin daga birnin Alice Springs rahoto: wannan lamba ba ta zo ba. Haka aka tsayar mata da tallafi.

Nangala ta same shi a inuwar motar aiki yana shan lemo.

"Jungarrayi, ba tare muka yini ba? Wa ya zuba maka shayi jiya?"

"Ni takarda nake bi, Nangala. Sunan da ke kwamfuta daban, wanda kike rubutawa daban. Rubuta na gaskiya mana, hannunki zai karye ne?"

"Ka san ba zan iya ba! Ko ciyawa ba ta fito a kabarinta ba..."

"To ki dafa wa yarinyar al'ada ta ci. Ko ki kawo ta gidana, akwai nama."

Ta je wayar ofishin ƙauye ta kira lambar ƙorafi. Ta jira minti hamsin tana jin kiɗa, da aka ɗauka sai muryar ta ce, "Faɗi cikakken sunanki don mu tabbatar ke ce." Nangala ta riƙe wayar, hawaye na gangara mata har wuya, ta ce, "Ni ce Kumanjayi... don Allah ki duba lambata." Aka ba ta haƙuri, aka kashe.

A mako na huɗu da tsayar da tallafin, farar mota ta tsaya a ƙofarta. Wani ya kai rahoto cewa babu abinci a gidan. Jami'an kula da yara suka buɗe firji, suka ga ruwa da rabin albasa, suka rubuta. Ba su ba Desmond yarinyar ba ma, sun ce sai an yi bincike, suka wuce da ita Alice Springs, tafiyar sa'a huɗu. Tarlisha tana dukan gilashi tana ihu, "Mama! Ki faɗa masu sunan kawai! Mama!" Nangala ta bi motar da gudu har wajen duwatsun da ta shafa wa fenti da hannunta, ta faɗi a nan. "Ya Ubangiji, Kai Ka san na zo kullum... Kai Ka san sunana, ba sai na faɗa ba."

Washegari da safe ta fito aiki. Ta rubuta Kumanjayi.

A mako na tara gwamnati ta turo wata mata, Helen Petrakis, ta ji ra'ayin jama'a kan yi wa tsarin gyara. Aka taru a filin ƙwallon kwando. Tsohuwa Napangardi, mahaifiyar Nangala, wadda ba ta gani sosai, ta dogara sanda ta miƙe.

"Ke 'yar gwamnati, kin iya karatu? To karanta littafin wancan mai ƙaton tumbin."

Helen ta karɓi rajistar ta buɗe. Ta ga kalma ɗaya, rubutun hannu ɗaya, a gaban lamba ɗaya, kwana arba'in da uku ba tsallake. Ta duba kwamfutarta ta ga fashi arba'in da uku.

"Malam Desmond, wace ce wannan?"

"Ban san ta ba, ranki ya daɗe. Ni wadda ke cikin takardata ita ce..." Sai ya faɗi sunan. Da ƙarfi ya faɗe shi, a gaban uwar mamaciyar, tana zaune a sahun gaba.

Daga nan kuka ya ɓarke daga ɓangaren mata, irin kukan ranar jana'iza. Maza suka miƙe suka juya masa baya. Helen ta tsaya da littafi a hannu tana dube-dube, har Napangardi ta matso ta yi mata bayani da jimla biyu. Ta rufe littafin, ta sa shi a jakarta, ta ce wa Desmond ya ba ta makullin mota.

Kamfanin ya sallame shi a makon. Bai bar ƙauyen ba, amma tun daga ranar babu wanda ya sake kiran sunansa. A kanti cewa ake yi "wancan", a coci a matsa masa benci guda shi kaɗai. Yana raye aka kwantar da sunansa.

An dawo da Tarlisha ranar Juma'a, an yanke mata gashi, ta rame. Ta ƙanƙame Nangala a bakin hanya. An gasa wutsiyar kangaru biyu a cikin toka da yamma. Gyaran da aka yi wa tsarin bai taɓa dokar mako takwas ba. An dai ƙara layi ɗaya a rajista, na "wani suna".

Bayan wata guda wasiƙar ban haƙuri ta iso daga ofishin tallafi. Tarlisha ce ta karɓo, ta dubi bayan ambulan.

"Me aka rubuta, 'yata?"

"Sunan ne, Mama. Da manyan baƙaƙe."

Nangala ta karɓa ba ta duba ba, ta tura ta cikin murhu, ƙarƙashin tukunyar shayi. Wutar ta kama da kyau.