Mai Lambu da Kifaye Masu Jan Wutsiya

A can wani zamani an yi wani tsoho mai lambun albasa a bakin rafi. A rafin nan akwai wasu ƙananan kifaye masu jan wutsiya, waɗanda babu irinsu ko'ina. Duk sa'ad da ya ja jigo, guga ya ɗebo ɗaya daga cikinsu, sai ya tallabe shi a tafin hannu ya mayar, ya ce, "Koma gida, ɗan ƙarami, ba kai na zo nema ba."

Wata shekara rani ya yi tsawo, rafi ya ƙafe, saura ɗan gurbi da bai kai gwiwa ba. Kifayen duk suka taru a ciki. Tsoho ya zura guga, ya fito jawur da wutsiyoyi. Ya dubi albasarsa da ta yi yaushi, ya dubi gurbin. Sai ya mayar da ruwan a hankali, ya kwance gugan ya tafi da shi gida.

Matarsa Talatu ta ce, "Haba Malam! Albasarmu ta mutu saboda kifin da ko miya bai isa ba?"

Ya ce, "Irin albasa yana nan a kasuwa, Talatu. Waɗannan fa, wace kasuwa za a samo su?"

Albasa ta bushe ƙamas. Talatu ta yi wata guda tana fushi.

Da damina ta sauka, rafi ya kawo ruwa. Ran nan tsoho ya hango Talatu tana ɗiban ruwa, ta tsaya tana leƙen ƙwaryarta. Ta waiga ba ta ga kowa ba, sai ta sunkuya ta ce, "Koma gida, ɗan ƙarami, ba kai na zo nema ba."