Murfi Uku a Bokiti Biyu

"Albasar ta ƙone, Yusra..."

Alli ne a hannuna, ban san lokacin da ya faɗi ba. Sirajo na tsaye bakin tagar ajina, idonsa jajir.

"Mi kac ce?"

"Duk fadamar Baba. Ko kunya guda ba ta tsira ba."

Innalillahi!

Ni malamar lissafi ce a ƙaramar sakandare nan Wurno. Shi kuwa bana ne mahaifinsa, Alhaji Attahiru, ya damƙa masa gonar albasarsu ta Goronyo, da sharaɗin in ya fito da amfani, gona ta zama tasa, a ɗaura mana aure bayan an cire.

Kwana huɗu da suka wuce ya kira ni yana dariya.

"Hasken raina, mai maganin feshi yac ce murfi uku a bokiti biyu. Durona na cin bokiti goma. Nawa zan zuba?"

"Bokiti biyu sau biyar ke nan. Uku sau biyar, sha biyar. 'Yan aji ɗaya ma sun san wanga!"

Yanzu na tambaye shi, "Da wane murfi ka auna?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na kwalbar ya ɓata... sai na ɗauki na jarka."

Wayyo Sirajo! Murfin jarka ai ya yi uku na kwalba.

Da la'asar Alhaji ya iso zauren gidanmu, tare da Sirajo da yayansa Maccido, wanda tun farko yake ƙyashin gonar. Aka kira ni, na tarar da mahaifina zaune tare da su, na durƙusa.

"Ɗiyata, an ce ke kika yi lissafin. In daidai kika ba shi, to shi ne sakarai, yau gona ta koma hannun Maccido. Ki hwaɗa min gaskiya."

Na saci kallon Sirajo. Tun yana yaro yake ban ruwa a fadamar nan, ba shi da wata sana'a bayanta.

Lissafina daidai yake, wallahi daidai yake. Shi kaɗai nake taƙama da shi a duniya.

"Ni na kuskure, Baba. Arba'in da biyar na ce masa."

Maccido ya yi tsaki. "Ka ji boko! Ba ta shigo gida ba ta cinye gona."

Mahaifina ya kau da kai don kunya.

Alhaji ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Gona tana nan wurinka, Sirajo. Zancen aure kuwa, a bar shi."

Na jira.

Allah ya sani na jira ya ce, "Ƙarya take yi, Baba, ni ne." Da ya faɗa, da na bi shi ko bukka ce, ko gari za mu sha.

Leɓensa ya motsa...

Sai ya duƙa, ya jawo wa mahaifinsa takalma.