Kocin da Ya Kira Yaya Yazan

Dab da magariba Umma ta aike ni siyo burodin tamis, ta ce in biya ta filin bayan gareji a unguwarmu Kurayyat in koro Yaya Yazan gida. Na fita ina ƙunƙuni. Kullum ni, kamar ni kaɗai ce mai ƙafa a gidan.

Yaya ɗan baya ne, kuma wallahi duk unguwar babu mai wuce shi da ƙwallo. Amma a Jidda aka haife mu, iƙama babu, wato takardar izinin zama. Duk kulob ɗin da ya je gwaji sai a tafa masa, a kira sunayen waɗanda aka ɗauka, shi kuma a ce ya kawo takarda. Halas, shi ke nan. Ya dawo ya juya wa bango fuska.

Shi karatu yana ba shi wuya, ni nake karanta masa abu a waya. A satin ya sa na karanta masa tarihin wani ɗan bayan Italiya, Ottavio, tun zamanin da hoto ba shi da kala. Wai da farin hankici yake ɗaure kai. Ya yi wasa har gwiwarsa ta lalace, ya koma koci a ƙananan garuruwa, ya mutu bai samu ɗan bayan da ya gamsar da shi ba. Da ƙarfi na karanta, ina ta nanata sunan don Yaya ya ji na iya.

Na isa filin, kowa ya watse. Iska ta tsaya cak. Danshin teku ya manne min a wuya. Ƙamshin tamis ɗin hannuna ya ɓace, sai warin tsohuwar fata da man zafi.

Sai na ji usur. Siriri, kamar daga cikin rijiya.

Yaya na tsaye tsakiyar fili. A gabansa wani dogon Bature ne, wando iya gwiwa, yana ɗingishi, kansa ɗaure da farin hankici. A bayansa 'yan wasa sun yi layi. Na ga riguna. Ban ga fuska ko ɗaya ba.

Ɗayansu na dungura ƙwallo a ƙasa. Ba ƙara, ba ƙura.

Na matsa na ja rigar Yaya, na ce a hankali, "Yaya, yalla, Umma na kira."

"Shhh, ke Ruba," ya ce, bai ko waiwayo ba. "Shi ne. Ya ga wasana. Ya ce shi ba ruwansa da takarda."

"Da wane yare ya gaya maka?"

Idonsa na kan Baturen.

Baturen ya fara kiran suna. Duk wanda ya kira sai ya amsa, ya taka zuwa wurinsa a fili, ya dushe kamar hayaƙi. Ɗaya bayan ɗaya. Har ya rage wuri guda a baya, kusa da raga.

Tun muna ƙanana Umma ke ja mana kunne: in an kira ka da magariba ba ka san mai kiran ba, kar ka amsa. Wanda ya ce na'am ya ba da kansa.

Baturen ya juyo.

"Yazan."

Da muryata ya kira. Irin muryar da nake karatu da ita.

Na ga Yaya ya ja numfashi, bakinsa ya buɗe. Na yar da tamis, na ɗane bayansa, na toshe masa baki da hannu biyu.

"Yazan."

Ya cije ni. Na ji haƙori har ƙashi. Ban saki ba.

Takun ɗingishin ya matso. Ja. Taka. Ja. Taka.

Na so in yi a'uziyya, harshena ya yi nauyi.

Sanyi ya taɓa kunnena.

"Yazan."

Yaya na kuka cikin tafina, yana ƙoƙarin fito da kalmar ta tsakanin yatsuna. Na ƙara matsewa.

Sai ladanin masallacin bayan gareji ya ɗaga murya. Usur ɗin ya yi doguwar ƙara, ya yanke. Fili wayam, sai mu biyu a ƙasa da jinina a haɓarsa.

Bai dake ni ba. Bai gaya wa Umma ba, ita ta ɗauka kare ne ya cije ni. A hanya dai ya ce, "Ya ce zan fara wasa yau, Ruba. Wa ya sa ki?"

Na ce, "Da ka mutu."

Ya ce, "To yanzu fa?"

Tun ranar bai sake zuwa gwaji ba. Amma kullum dab da magariba sai ya ɗaure takalmin ƙwallonsa tsaf, ya zauna a bakin ƙofa yana kasa kunne. Umma ta zaci abokai yake jira.

Ni kuma sai in zo in zauna kusa da shi, hannuna a shirye. Ya san dalili. Shi ya sa ba ya kallona.