Kalmar da Zulmira Ta Sauya

Ranar da Zulmira ta fara ganin Likita Yoandri, fama yake da wata tsohuwa a asibitin ƙauyensu, shi da Sifananci, ita da Tetun, yaren ƙasar, kowa na gyaɗa kai a banza. Ƙasarsa Kuba ce ta turo shi Timor ya yi magani, ya kuma koyar da ɗalibai. Zulmira ta tsinci yarensa wurin yayanta da ya karanta likitanci a can. Kanta a ƙasa ta ce, "Gwiwa take nufi, maun," wato yaya.

Tun daga ranar ya raɗa mata suna Bakina.

"Bakina, kin ci abinci? In ba ke, ni kurma ne kuma bebe," haka yake turo mata a waya.

Da ya zo neman aurenta, ita aka sa tafinta. Babanta ya tofar da jan miyaun bua, goron ƙasarsu, ya ce, "Tambayi dogon nan mai shanye mana kofi, ina zai ajiye min ke?"

Yoandri ya ce wa'adinsa ya kusa, dole ya koma, da ita zai tafi.

Ta san wannan amsa za ta kashe maganar.

"Ya ce hela, Apá," ta faɗa wa babanta a hankali. Wato zai zauna.

Aka sa rana, abinci ya daina shigar mata. Duk likitan Kuba da ya ƙi komawa, shekaru ake hana shi taka ƙasarsa, ga Yoandri da uwa tsohuwa a can. Rannan ta tare shi bayan ɗakin magani, tana kuka ta faɗa masa kalmar da ta sauya.

"Bakina, kullum sai na ce wa masu jinya hela. Na ji ki sarai."

"To me ya hana ka ƙaryata ni?"

"Na duba fuskarki, na kasa."

Ranar aure, bayan an fito daga coci an yafa musu tais, saƙaƙƙen zanen gargajiya, Yoandri ya kira uwarsa ta bidiyo. Tsohuwar ta daɗe tana kallon amarya kafin ta yi magana. Dangi suka juyo wurin Zulmira.

Ta fassara, ba ta rage ko harafi ba.

"Ta ce na ɗauke mata ɗa, ƙila ba za ta ƙara taɓa shi ba. Ta ce in riƙa ba shi abinci a kan lokaci. Allah ya yi mana albarka."

Babanta ne ya fara cewa amin.