Gurbi Goma Sha Biyu

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka bugo wa Sufeto Halidu waya: wani tela ya mutu a wata kilinik ta unguwar Koira Kano, minti goma bayan an yi masa allura. Shekara ashirin Halidu yana ganin gawa, zuciyarsa ta daɗe da bushewa. Da dangin mamacin suka fashe da kuka, agogonsa kawai ya duba.

Mariyam, mai jinyar da ta yi allurar, tana zaune a kan benci. In ya tabbata sakacinta ne, gidan kaso za ta. Ta ce an kawo mutumin ba ya iya magana, ta nemi buɗe dosiyensa, wato bayanan lafiyarsa, sau huɗu, kwamfuta ta hana ta shiga. Likita ya ce ta yi allurar haka nan. Ashe jikinsa ba ya karɓar wannan maganin.

Mutari, mai kula da na'urorin, ya nuna wa Halidu sarbar, babbar na'urar da ke ajiye bayanan marasa lafiya. Ya ce mutum goma sha biyu kawai take bari su shiga lokaci guda, na sha uku sai wani ya fita.

"Mutum nawa ke aiki a lokacin?"

"Huɗu, ranka ya daɗe, har da Mariyam."

"To wa ya cika sauran guraben?"

Mutari ya buga jerin a takarda. Gurbi tara daga biron Lawali, wato ofishin shugaban rajista, a buɗe tun bakwai da rabi na safe.

Lawali, dattijo mai tsabtar riga, ya rantse ya rufe komai kafin ya tafi masallaci. Halidu bai yi musu ba, makulli kawai ya nema, yana kuwa cikin aljihun dattijon. Aka buɗe biro. Kwamfuta uku a kunne, kowace an shiga da suna uku, ba kowa a kujera.

"Baba, wa ya buɗe su?"

Lawali ya zauna a ƙasa.

"Ni ne. Kullum sai a riga ni shiga, mutane su yi layi suna zagina. Sai na riƙa kama wuri da sassafe, yadda ake ajiye jarka a bakin famfo. Mutari ya hana ni sau biyu. Wallahi wuri kawai na kama."

Aka fita da shi zuwa komisariya, ofishin 'yan sanda, carbinsa a hannu.

Mutari ya rufe guraben ɗaya bayan ɗaya. Halidu ya je ya gaya wa Mariyam tana iya tafiya gida. Maimakon ta tafi, sai ta matsa gaban kwamfutarta ta sake dannawa. Nan take dosiyen ya buɗe, sunan maganin a layin farko, da jan rubutun gargaɗi.

Ba ta yi kuka ba, karantawa kawai take ta yi. Halidu ya tsaya a bayanta.